Yadda Fuskar Gwaggo Dije Ta Hau Bango

Ƴaƴana, na san kun taɓa jin maganar, ko da yake ba wanda ya kawo mini ita a cikinku. A gidan suna ko wurin zaman makoki, in danginmu na garin Takanamat suka taru, akan sami wani tsoho ya nuna ɗayanku da haɓa ya ce, ai waɗannan ɗiyan Hamidu ne, wanda ya sayar da fuskar gwaggonsa don neman aikin gwamnati. Na daɗe ina jin haka ina shiru, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, ba na son fama musu miki. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. To ga yadda aka yi.

Na dawo Tawa daga Bamako da takardar gama makarantar zane a shekarar da damina ta ƙi, wadda kuma a cikinta aka rufe iyakar Najeriya. Gwamnati ce ta tura ni karatun, don haka na dawo ina ganin aiki na nan yana jirana. A Yamai aka karɓi takarduna, aka ce in koma gida in dinga sauraron rediyo, za a kira sunana. Na koma na kasa kunne, wata ya bi wata. Gidan da na tarar ba shi ne wanda na bari ba. Baba, kakanku Abdu, dillalin bisashe ne, amma a shekarar nan makiyayi kan kawo saniya kasuwa ta durƙushe kafin a taya, in an taya kuma abin da za a ba shi bai kai ya ciyar da iyalinsa mako guda ba. Wana Issufu an koro shi daga Ikko, ya dawo da mata da yara da akwati wofi. Inna ita ke riƙe da buhun jar dawar taimako, kullum ma'aunin da take ɗiba da shi yana ƙara ƙanƙancewa, ba ta kuma gaya wa kowa. A bakin gari, mutanen arewa sun kafa bukkoki na tabarma da tsumma, Buzaye da Fulani da Hausawan ƙauye, sojoji na zagaya su da mota.

Cikin haka Gwaggo Dije ta iso. Yayar Baba ce, ciki ɗaya, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. A wani ƙauye arewa da Takanamat take, mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata shanu ta riƙe su da kanta har suka ninka. Gidanta ne masaukin duk matafiyin da rana ta faɗi masa a hanyar nan, ba wanda ya taɓa fita bai sha fura da nono ba. Doguwa ce, da tsagar gado a kumatu, da wani tabo a girar hagu inda ƙahon karsana ya taɓa samunta. Ta shigo mana da magariba, a ƙasa, da jikoki biyu marayu, da ƙunshin kaya, da igiyar dangwali wadda ake ɗaure maruƙa. Maruƙan da iyayensu duk sun ƙare. Da Issufu ya ce washegari za a kai ta a rubuta sunanta wurin rabon abinci, sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni Dije, in tahi in tsaya layi da ƙwarya? Ba a haihi wanda za ya auna mini tsaba ba."

Ba ta je ba. Rabonta na tuwo takan tura wa jikokin rabi, ta ce ita ta ƙoshi. Wata rana bayan la'asar na gan ta zaune a gindin rumbunmu da ba kome a ciki, igiyar nan a cinyarta, ta tsura wa ƙasa ido. Ƙashin wuyanta ya fito, zanen jikinta ya yi mata yawa. Ni kuma hannuna ya daɗe bai yi aiki ba. Na ɗauko takarda da gawayin zane na tambaye ta ko ta yarda. Ta yi ɗan murmushi ta ce in zana mana, cikin gida ne, wa zai gani. Ban taɓa yin zanen da ya kai wannan ba, kafinsa ko bayansa. Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo, ta ce ashe haka ta koma. Ta miƙo mini ta shiga ɗaki.

Ba a jima ba aka yi sanarwa cewa wani ofishin gwamnati a nan Tawa, mai kula da wayar da kan mutanen karkara, yana neman mai zane guda. Aikin shi ne yin hotunan da ake mannawa a kasuwanni da asibitoci don waɗanda ba su iya karatu ba. A duk jihar ban san wani mai takarda irin tawa ba. Inna ta wanke mini rigata fara, Baba ya yi mini addu'a a zaure, har Issufu ya ara mini takalminsa na Ikko. Na tattara zanukana na makaranta a jakar kwali, na sa na Gwaggo a ciki, don an koya mana cewa mai neman aiki yakan nuna mafi kyawun abin da hannunsa ya yi.

Mu uku muka zo: ni, da wani malamin makaranta, da wani saurayi Sule wanda ya koyi zanen taswirar gini. Shugaban ofishin, Mushe Garba (Mushe, wato Malam da Faransanci), mutumin yamma ne mai sanyin murya, mai kirki, amma ana ganin tsoro a kafaɗunsa. Yana cikin duba zanukana yana gyaɗa kai sai muka ji tsayuwar mota, kowa ya miƙe tsaye. Wani kaftin ɗin soja ne da aka ɗora a kan harkar abincin taimako, kuma hoton farko da za a buga na aikinsa ne. Ku da kuka tashi a wani zamani ba za ku gane yadda ɗaki kan yi ba in kaki ya shigo. Lokacin nan ma'aikaci kan ji korarsa a rediyo yana cin tuwon dare, wani kuma a zo a tafi da shi, iyalinsa su yi watanni ba su san inda yake ba. Kaftin bai zauna ba. Ya dinga juya takarduna da bakin ƴar sandarsa, har ya zo kan Gwaggo. Nan ya tsaya. Ya tambayi ko wace ce, na ce gwaggona ce.

"To madalla. Ba sai mun nemi izinin kowa ba."

Ya bayyana abin da yake so. Gwamnati na kiran mutanen da suka taru a gari su koma wuraren da aka haƙa rijiyoyi su yi noman rani. Hoton zai kasu biyu. A dama, mutum tsaye cikin lambu da gwangwanin ban ruwa. A hagu, wannan tsohuwa yadda take zaune, a cire igiyar a sa mata ƙwarya wofi a gabanta. A ƙasa a rubuta da Hausa da Buzanci cewa zama ba ya maganin yunwa. Ya ce in kawo shi a shirye kafin ƙarshen mako, in na kawo aikin nawa ne. Ya fita. Na miƙa hannu zan mayar da zanen cikin jaka, Mushe Garba ya dafe shi, ya ce a hankali, wanda kaftin ya zaɓa a nan zai kwana.

Tun daga bakin ofishin har gida ban san ta inda na bi ba. Na tarar da su a tsakar gida suna jirana, na faɗa musu kome ban rage ba. Baba ne ya fara magana. Ya ce matar da ta goye shi, wadda rabin ƙasar Adar ta ci daga hannunta, ita za a manna a kasuwar da yake dillanci, da ƙwaryar bara, a ce ga malalaciya? Ya ce in dai da ransa ba za a yi ba. Issufu ya tashi tsaye. Ya ce takarda ce fa, rana za ta cinye ta kafin damina, amma albashi duk wata ne, kuma ma'aikaci yana da hanyar samun buhu. Ya ce mutunci ba ya hawa murhu. Ya kuma ce in ma an bar zancen abinci, wa ya taɓa ce wa soja a'a ya kwana gida? Baba ya ce masa ya yi magana irin ta wanda ya bar kunyarsa a Ikko. Suka yi ta yi. Inna ba ta sa baki ba sai da aka tambaye ta, ta ce ita dai abin da ya rage a buhu ba zai kai mu watan gobe ba, ta tashi ta bar wurin. Duk wannan Gwaggo tana ɗaki tana ji. Sai ga ta ta ɗaga labule.

"Hamidu, aikin ga, in ka same shi, yaran ga za su ci?"

Na ce za su ci, in Allah ya so.

"To ka zana ni. Amma ba zaune ba. Tun da anka haihe ni ban zamna jiran hannun kowa ba. Ka sa ni wancan gehen, tsaye, da abin ban ruwan. Mai zaman kuwa ka juya mata baya, kada ta zama ɗiyar kowa."

Baba ya buɗe baki, ta ce masa Abdu, ya isa. Washegari ta ɗaura zanenta na fita, ta sa ɗankwali, ta riƙe tulu a madadin gwangwani ta tsaya mini a rana. Ƙafafunta na rawa, na ce ta huta, ta ƙi. Na zana ta cikin lambu, kabeji da salati har gwiwa. A hagu na yi wata mace zaune ta juya baya, ba fuska. Na yi rubutun da kyau. A raina ina ganin duk mai hankali zai yarda wannan ya fi, domin saƙon bai canja ba, kuma ba a ci zarafin kowa ba.

Ranar da na koma, kaftin ya riga ni zuwa, yana zaune a kujerar Mushe Garba, shi kuma Mushe Garba yana tsaye a gefe. Na shimfiɗa aikin a tebur. Ya dube shi ɗan lokaci, ya ce wannan matar ba ta jin yunwa, kuma baya ba ya tsorata kowa. Shi fuska yake so, fuskar da in mutum ya gani zai ji kunyar zama. Ya ja aljihun tebur ya fito da zanen farko ya ajiye a kan sabon. Na ce masa, cikin ladabi iyakar iyawata, mai fuskar ba ta yarda a nuna ta haka ba, kuma ba mabaraciya ba ce. Ya ce gwamnati ta ciyar da ni shekaru a ƙasar waje, ta biya mini kuɗin fenti da takarda, yau ta nemi takarda guda a wurina ina kawo mata zancen tsohuwa. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ka ƙi ke nan?"

Mushe Garba ya kafa wa bango ido. Na tuna buhun Inna, na tuna yaran, wallahi har bakina ya fara haɗa kalmar to. Sai na ji kaina ina cewa:

"Ban ƙi aiki ba, mon kapiten. Duk abin da ka ce in zana zan zana. Wannan ɗin ne kawai ba nawa ba ne balle in bayar."

Ya kira sojan da ke bakin ƙofa ya ce a zaunar da ni a waje. A kan benci na wuni, soja tsaye a kaina da bindiga, ba ruwa, ba salla, ba wanda ya ce mini uffan. Ma'aikata na wucewa suna kawar da kai kamar ba su san ni ba. Duk motar da ta shigo sai in ce tawa ce ta zo. Na yi ta tunanin wa zai kai wa Inna labari. Sai da rana ta yi sanyi kaftin ya fito, ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya shiga mota, sojan ya bi shi. Mushe Garba ya fito da jakata ya miƙo mini. Ya ce in tafi gida, kada in sake biyowa ta wannan titi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa kuma shi ma yana da iyali. Da na buɗe jakar a hanya, kome na nan, har da sabon aikin. Zanen Gwaggo na farko ne kaɗai babu.

Bayan ƴan makonni hoton ya fito. Sule aka ɗauka, aka ba shi zanena ya ɗora takarda mai shara-shara ya bi layi. Bai bar kome ba, har tsagar, har tabon gira. Ya cire igiyar ya sa ƙwarya. Aka buga a Yamai aka kawo da yawa, aka manna a kasuwa, a tasha, a asibiti, aka kai ƙauyuka har Kalfu da Takanamat. Ba sunana a jiki, amma kowa ya san gidan da ake zane, kowa kuma ya san Dije. Ban riƙe Sule a raina ba. Daga baya ya zo har zaure ya gaishe ni, ya kasa haɗa ido da ni, na ce masa ya je, shi ma uwa gare shi.

Baba ya daina zuwa kasuwa, don a jikin rumfar da yake zama aka manna ɗaya, kuma yage takardar gwamnati laifi ne da ke kai mutum gidan kaso. Dangi suka aiko daga ƙauye da maganganu masu zafi. Da aka ce musu ai ban sami aikin ba, sai suka ce to ya sayar, an kuma cuce shi. Sunana bai taɓa fitowa a rediyo ba, a shekarar nan ko bayanta. Na sayi gwangwanin fenti na fara rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado a bayan tasha, sana'ar da na ci gaba da ita har na rene ku.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa, ta sami yara ba ƙarfi a jiki. Ƙaramar jikar Gwaggo, Hadiza, ba ta tashi ba. Muna dawowa daga maƙabarta Issufu ya matso kusa da ni ya ce, da akwai albashi a gidan nan da yarinyar nan ta sami madara. Mun yi shekaru ni da shi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Na san ƴaƴan ma'aikata ma sun mutu a bazarar nan. Na kuma san na yi ta juya maganar a raina har na tsufa, ban sami inda zan ajiye ta ba.

Ita Gwaggo ba ta taɓa ce mini don me ba. Amma tun ranar da aka gaya mata hoton ya fito ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba, ko gaisuwar mutuwa. Sai da ruwan farko ya sauka a damina ta gaba, ta ce gida za ta, gonarta ba za ta kwana ba shuka ba. Baba ya samo mata iri da akuya guda. Ni na raka ta tasha, na ɗauki ƙunshinta, jikan da ya rage yana jan akuyar. Na yi ƙoƙarin bi da ita ta bayan motoci, amma ta riga ta hango hoton. Yana nan a bango kusa da rumfar jandarma mai tsaron tasha, rana ta koɗar da shi, gefe ɗaya ya fara ɗagowa. Wannan ne ganinta na farko. Ta je gabansa ta tsaya, ta daɗe. Mutanen da ke jiran mota suka fara taɓa juna. Sai ta sa farce ta shiga ɓamɓaro shi a hankali, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai cire ƙaya daga jikin yaro. Jandarman ya miƙe. Ya matso ya ce mata:

"Inna, kayan gwamnati ne wannan."

Ta juyo da takardar a hannu. Ya dubi fuskar da ke jiki, ya dubi tata, ya sake duban takardar. Yaro ne, bai fi ni shekaru ba. Gwaggo ta ninka hoton biyu daidai tsakiya, ta bi ninkin da yatsa, ta yage shi. Gefen mai lambu da rubutu ta miƙa masa.

"Ga naku, ɗana. Wagga kuwa ta gaji da zama, gida za mu."

Ta cusa nata rabin cikin ƙunshi, ta sa aka ɗora akuya, ta kama ƙarfen motar ta hau da kanta, ta ƙi hannun da na miƙa mata. Direba ya tayar, suka fita ta hanyar arewa. Da na juyo, jandarman na nan tsaye inda ta bar shi, da rabin takarda a hannu, yana duba inda zai ajiye.